Ƙananan Masu Hannun Jari: Doka Ta Ba Su Haƙƙi, Saura Su Yi Aiki Da Shi

Daga Wakilinmu

A cikin watan Maris na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankunan kasuwanci da su ƙara yawan jarinsu, ya kuma yanka wa waɗanda ke da rassa a ƙasashen waje Naira miliyan dubu 500. Sakamakon haka bankuna suka sake fitowa suna tallar hannun jari ga jama'a, kamar yadda suka yi a 2004 da 2005. Ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun amsa kiran. To, abin tambaya shi ne: bayan mutum ya zuba kuɗinsa, wa zai tsare masa su?

Sayen hannun jari dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta faɗaɗa a 1977, ita ce ta tilasta wa kamfanonin baƙi sayar da wani kaso na jarinsu ga 'yan Nijeriya. Ta wannan hanya ce malaman makaranta da akawuna da ƙananan 'yan kasuwa suka zama masu rabo a manyan kamfanoni. Aka kuma buɗe reshen kasuwar hannun jari a Kaduna a 1978, na Kano ya biyo baya a 1989. Sai dai yawancin waɗanda suka saya sun adana takardunsu a akwati ne kawai suna jiran riba, ba su ɗauki kansu a matsayin masu kamfani ba.

An ga illar wannan sakaci ba sau ɗaya ba. A 2006 aka gano cewa an shekara da shekaru ana kumbura lissafin kuɗin kamfanin Cadbury na Nijeriya, har da abin da ya zarce Naira miliyan dubu 13, aka sallami manajan darakta da daraktan kuɗi. Ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya kuma zuba musu Naira miliyan dubu 420 don kada su durƙushe. Dalilin kuwa shi ne tulin basussukan da ba a biya ba, ciki har da waɗanda aka ba makusantan shugabannin da waɗanda aka ba masu cacar hannun jari. A Agustan 2011 aka soke lasin Afribank da Spring da Bank PHB, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna. Masu ajiya ba su yi asarar kwabo ba, amma takardun masu hannun jari suka tashi a banza.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Bisa doka, idan kamfani ya karye, sai an sallami duk masu bin bashi tukuna, sa'an nan a raba wa masu hannun jari abin da ya rage, in ya rage. Wanda ke ƙarshen layi ranar rabo kuwa shi ya fi kowa bukatar sa ido tun da wuri. Duk waɗannan kamfanoni da muka ambata suna da daraktoci, suna da masu binciken kuɗi, suna kuma yin babban taro kowace shekara inda ake amincewa da lissafinsu da tafi.

Ba za a ce doka ta bar ƙaramin mai jari hannu rabbana ba. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta hana mutum ɗaya ya haɗa muƙamin shugaban hukumar daraktoci da na babban jami'in gudanarwa a kamfanin da jama'a ke da hannun jari a cikinsa. Ta wajabta a aika da sanarwar babban taro kwana 21 kafin ranar. Wanda bai sami damar zuwa ba yana iya naɗa wakili ya jefa ƙuri'a a madadinsa. Masu riƙe da kashi ɗaya cikin goma na jarin kamfani suna da ikon tilasta wa daraktoci su kira taro na musamman. Gyaran da aka yi a 2023 kuma ya halatta yin taron ta intanet, don haka mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Ikko ba a duk inda kamfani ya bi wannan hanya.

Mafi muhimmanci shi ne kwamitin binciken kuɗi. A dokar 1990 daraktoci da masu hannun jari kunnen doki suke yi a cikinsa. Dokar 2020 ta mayar da shi mutum biyar: uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwa ta yau da kullum. Ke nan rinjaye ya koma hannun masu dukiya. Kowane mai hannun jari yana iya gabatar da sunan ɗan'uwansa a rubuce ga sakataren kamfani kwana 21 kafin taro. Dokar ta ce dole membobin su iya karanta lissafin kuɗi, ɗaya daga cikinsu kuma ya zama ƙwararren akanta mai rajista.

To, me ya hana wannan iko yin tasiri? Na farko, idan aka zo ƙuri'a ta ƙidayar hannun jari, mai miliyoyin hannu yakan danne dubban masu ɗari-ɗari, musamman idan kansu a rabe yake. Na biyu, an daɗe ana zargin wasu shugabannin ƙungiyoyin masu hannun jari da zama 'yan amshin shata, suna yabon daraktoci a zauren taro domin ɗan abin da za a ba su. Na uku shi ne halin ko-in-kula. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta bayyana a 2023 cewa ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin Naira miliyan dubu 190. Wasu sun rasu magada ba su sani ba, wasu sun sake adireshi, wasu kuwa sun saya da sunaye iri-iri. Dokar kuɗi ta 2020 ta tanadi cewa ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba za ta koma wani asusu da gwamnati ke iya ranta daga ciki, ko da yake mai ita na da damar nema. Wanda bai bi sawun ribarsa ba, yaya zai bi sawun daraktoci?

Kada ma'aikacin da bai taɓa sayen hannun jari ba ya ce babu ruwansa. Tun daga dokar fansho ta 2004, wani sashe na abin da ake yanka a albashin waɗanda ke cikin tsarin ana zuba shi ne a hannun jarin kamfanoni. Kamfanonin fansho suna da ƙuri'u masu nauyi, kuma ya dace a riƙa tambayarsu yadda suka jefa su.

Don haka gyara na hannun kowa. Mai hannun jari ya je wurin magatakardar kamfani ya daidaita sunansa da asusun bankinsa, ya karanta rahoton shekara, musamman shafin da ke nuna albashin daraktoci da cinikin da kamfani ya yi da makusantansu. Ƙungiyoyi su tsayar da akantoci masu gaskiya a kwamitin bincike, su daina karɓar komai daga hannun waɗanda suke sa wa ido. Hukumomi kuma su hukunta mai laifi da wuri, su bayyana hukuncin ga jama'a. Ɗalibanmu masu karatun akanta da shari'a suna iya taimaka wa iyayensu wajen fahimtar waɗannan takardu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma soke lasin bankin Heritage a Yunin 2024 ya isa ya tuna mana cewa karyewar banki ba tarihi ba ce.