SHARHI: Sabuwar Dodge Charger da fushin masoyanta: Wa ke da iko da sunan mota?

A ranar 5 ga Maris, 2024, kamfanin Dodge na Amurka ya yaye labule kan sabuwar motarsa ƙirar Charger Daytona. Duk wanda ya san tarihin motar, kallo ɗaya zai yi mata ya gane inda masu zanenta suka dosa. Jikinta dogo ne mai faɗi, goshinta a shafe mai kusurwa huɗu, ga layin fitila da ya ratsa gabanta daga wannan gefe zuwa wancan. An yi haka ne don a tuna wa mai kallo Charger ta 1968, wadda masoya motoci a Amurka ke ɗauka ɗaya daga cikin mafi kyawun abin da masana'antun Ditiroyit suka taɓa ƙerawa.

Da aka zo batun abin da ke cikinta kuwa, sai zance ya sauya. Babu inji mai silinda takwas, babu tankin mai. Batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta da injinan lantarki biyu. Tun daga ranar taƙaddama ta kaure tsakanin kamfanin da mutanen da suka shafe shekaru suna sayen hajarsa, kuma abin da ya biyo baya ya nuna iyakar ikon da kamfani ke da shi kan sunan da shi da kansa ya ƙirƙira.

Asalin motoci masu ƙwanji

Charger na cikin rukunin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji. Ma'anar a taƙaice ita ce a ɗauki mota matsakaiciya wadda ma'aikaci zai iya saye, a ɗora mata ƙaton inji mai silinda takwas da ke juya tayoyin baya. Yawancin masana na ƙirga farkon wannan salo daga Pontiac GTO ta 1964. A watan Afrilun shekarar ne kuma Ford ya fito da Mustang, wadda aka sayar da miliyan ɗaya cikin shekara biyu. Chevrolet ya mayar da martani da Camaro, Dodge kuma da Charger da Challenger.

Fina-finai sun ƙara musu kwarjini. Tseren da aka yi tsakanin Mustang da Charger a titunan San Faransisko cikin fim ɗin Bullitt na 1968 har yau ana ambatonsa, kamar yadda matasan wannan zamani suka san baƙar Charger ta 1970 daga jerin fina-finan Fast and Furious. Saboda haka wanda ya sayi irin wannan mota yakan ji cewa ya sayi wani yanki na tarihin ƙasarsa, wani lokacin ma na gidansu, domin da yawa mahaifinsu ko kakansu ya taɓa tuƙa irinta.

Abin da aka yaba da abin da aka ƙi

Siffar sabuwar Charger ba ta sha suka sosai ba. Masoya da dama sun yarda cewa ta fi wadda ta gada kama da ta asali, musamman da yake an fara fito da ita da ƙofa biyu. An dawo mata da tsohon tambarin kamfanin mai kusurwa uku na shekarun 1960. An kuma yi mata wata kafa a goshi da iska ke bi ta fita ta saman bonet, dabarar da ta ba ta damar riƙe faffaɗar fuskarta ba tare da iska ta danne gudunta ba. Ta fuskar ƙarfi ma ba ta gaza ba, domin samfurin Scat Pack na kai ƙarfin doki 670.

Ƙorafin ya taru ne a wurare uku. Na farko nauyi: motar ta haura kilo 2,600, ta kuma fi tsohuwar tsawo da faɗi. Na biyu farashi: mafi araha ta tasam ma dala 60,000, babbar kuwa ta haura dala 70,000, alhali tun asali abin alfaharin wannan rukuni shi ne ƙarfi mai yawa a kuɗi kaɗan. Na uku, wanda ya fi ɓata wa masoya rai, shi ne ƙara. Da yake injin lantarki ba ya ruri, kamfanin ya ƙera wata na'ura mai suna Fratzonic, ya ɗaura ta a inda salansa ke zama, tana fitar da rurin kwaikwayo. Lokacin da aka nuna samfurin gwaji a 2022, an ce ƙararta na kai desibel 126. Kamfanin ya ɗauka ta'aziyya yake yi wa masoya, su kuwa suka ɗauke ta izgili. A ganinsu, sanya wa mota lasifika don ta yi kukan injin da ba ta da shi amincewa ne cewa an cire mata abin da ya sa ake son ta.

Kasuwa ta gaskata su. A 2023, shekararta ta ƙarshe, an sayar da tsohuwar Charger sama da 70,000 a Amurka. Sabuwar mai lantarki ba ta kai 5,000 ba a rabin farko na 2025.

Dalilin kamfanin

Ba da gangan Dodge ya tsokano wannan rigima ba. Kamfanin reshe ne na Stellantis, wanda aka kafa a Janairun 2021 bayan haɗewar Fiat Chrysler da rukunin da ya mallaki Peugeot, sunan da ba baƙo ba ne a Najeriya. Dokar Amurka ta daɗe tana ƙayyade matsakaicin man da jimillar motocin kowane kamfani za su sha, wanda ya ƙetare kuma ya biya tara. Manyan injinan Hemi da Dodge ke alfahari da su na daga cikin abin da ya riƙa jawo wa kamfanin wannan hukunci. A 2023 an bayyana cewa Stellantis ya biya sama da dala miliyan 235 kan motocin shekarun 2018 da 2019. Shugaban kamfanin na lokacin, Carlos Tavares, ya zaɓi ya karkata ga lantarki. A Disambar 2023 aka daina ƙera tsofaffin Charger da Challenger a masana'antar Brampton da ke Kanada.

Sai dai kafin sabuwar motar ta zauna da gindinta, ƙasa ta juya. Tavares ya ajiye aiki a ranar 1 ga Disamba, 2024. Donald Trump ya koma mulki a Janairun 2025, ya ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari kan motocin da ake shigarwa Amurka, abin da ya shafi sabuwar Charger tunda a Windsor ta Kanada ake haɗa ta. Dokar da ya sanya wa hannu a Yulin 2025 ta soke rangwamen harajin dala 7,500 ga masu sayen motar lantarki daga ƙarshen Satumba, ta kuma shafe tarar shan mai. An wayi gari dalilin da ya sa aka cire injin ya kau, tallafin da ake sa ran zai sayar da batirin shi ma ya kau.

Daga nan kamfanin ya fara ja da baya. Ya cire ƙaramin samfurin lantarki, wato R/T, daga jerin motocin 2026. Ya fito da Charger mai shan fetur da ya kira Sixpack, mai silinda shida da ƙarfin doki har 550, a jiki iri ɗaya kuma a farashin da bai kai na babbar mai lantarki ba. Ɗan'uwansa Ram ya dawo da injin Hemi cikin motocinsa na a-kori-kura a Yunin 2025, shugabansa Tim Kuniskis ya fito fili ya amsa cewa cire shi kuskure ne.

Ba kullum masoya ke da gaskiya ba

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka duk abin da masoya suka faɗa shi ne hukunci. Tarihin waɗannan motoci bai nuna haka ba.

A 2018 Chevrolet ya sauya fuskar Camaro SS ta 2019. Ya shafa wa tsakiyar bambarta baƙin fenti, ya sauko da tambarinsa ya liƙa a kai, gaban motar ya zama kamar wawakeken baki. Suka ta yi yawa har kamfanin ya nuna gyararren samfuri a baje kolin SEMA na Las Vegas kafin shekarar ta ƙare, sannan ya mayar da tambarin mazauninsa a ƙirar 2020. Masoya sun samu abin da suka nema cikin shekara guda. Duk da haka ciniki bai farfaɗo ba. Motar da ake sayar da sama da 80,000 a shekara tsakanin 2010 da 2014 ta faɗo ƙasa da 50,000 a 2019, ta ci gaba da faɗuwa, har General Motors ya rufe babinta da ƙirar 2024. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Labarin Ford ya bi wata hanya dabam. A Nuwambar 2019 ya sanya sunan Mustang da tambarin dokinta a kan wata doguwar motar iyali mai ƙofa huɗu da ke aiki da lantarki, ya kira ta Mach-E. Masoya sun kira abin cin amana. Ford bai janye ba, kuma a 2024 Mach-E ta fi Mustang mai shan fetur kasuwa a Amurka: sama da 51,000 a kan kimanin 44,000. Haka aka yi da Mustang II ta 1974, ƙaramar motar da ta fito daidai lokacin matsalar man fetur ta 1973. Har yau masoya na yi mata ba'a, amma an ƙera sama da 380,000 a shekarar farko, ita ce kuma ta hana sunan mutuwa. Ita kanta Charger, da aka dawo da ita a 2006 da ƙofa huɗu an yi ta guna-guni, sai ga shi ta yi kusan shekara 18 tana kasuwa.

Akwai kuma lokacin da ƙorafi ya ceci mota. A 1987 wata mujallar motoci ta fallasa shirin Ford na maye gurbin Mustang da wata mota mai jan gaba da aka gina kan fasahar Mazda ta Japan. Wasiƙun adawa suka yi ta kwarara hedikwatar kamfanin. Ford ya sauya shawara, ya sayar da sabuwar motar da sunan Probe, ya bar Mustang yadda take. An daina ƙera Probe a 1997, Mustang kuwa tana nan.

Abin da ya bambanta su

Idan aka jera waɗannan misalai, abu biyu ke fitowa. Na farko, ƙorafi kan fenti da tambari da siffar fitila yana da saurin kunnuwa, yana da arahar gyara, amma ba shi ne ke yanke makomar mota ba. Camaro ta faɗi ne saboda masu saye sun koma ga manyan motocin iyali da na a-kori-kura, ga kuma tsohon ƙorafin cewa cikinta a matse yake, direba ba ya ganin waje sosai. Gyaran goshi bai taɓa ko ɗaya daga ciki ba.

Na biyu, masoya kan haƙura da sabon abu idan ƙari ne, su yi tawaye idan maye gurbi ne. Ford ya kawo Mach-E ya ajiye ta kusa da tsohuwar Mustang, ya kuma fito da sabon zubi mai silinda takwas a ƙirar 2024. Wanda ya ƙi waccan yana da wannan. Motar ta samu nata masu saye na dabam, waɗanda ba ruwansu da tarihin 1964. Dodge kuwa ya kashe tsohuwar tukuna, ya bar dillalansa kusan shekara guda ba sabuwar Charger, sannan ya kawo mai batir ita kaɗai, a farashi mafi tsada, ga mutanen da suka fi kowa ƙin batir. Kyawun zanen ma ya ƙara dagula lamarin, domin ya yi wa mai saye alkawarin 1968, abin da ke ciki kuma bai cika alkawarin ba.

Inda abin ya shafi Najeriya

Wannan taƙaddama ta Amurka ce, amma inuwarta na isowa nan. Amurka na daga cikin manyan wuraren da ake sayo motocin tokumbo da ke sauka a tashoshin Legas, kuma tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972 motocin can masu sitiyari a hagu suka dace da titunanta. Charger da Challenger da Camaro da ake gani jefi-jefi a Abuja yawanci ta wannan hanya suka zo. Duk wanda ke da ɗaya daga cikinsu yanzu yana riƙe da ƙirar da aka daina yi, kuma sannu a hankali kayan gyaranta za su dogara ga abin da aka ciro daga wasu tsofaffin.

Abin da ake sayarwa sabo a Amurka yau shi ne tokumbon Najeriya bayan wasu shekaru. Idan kamfanonin can suka koma ga manyan injina, za su iso ƙasar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haura naira 1,000 a Abuja kafin ƙarshen 2024. Idan masu batir ne suka yi rinjaye, za su iso da batirin da ya fara gajiya, a ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa, wuraren caji kuma ba su da yawa. Ko wanne ya faru, akwai aiki a gaban masu tsara harajin shigo da motoci da manufofin makamashi.

A can Amurka kuwa, masoyan Charger sun samu mai shan fetur, suna kuma ci gaba da neman a dawo musu da silinda takwas. Doka ta daina hana Dodge, uzurin tara ya ƙare. Abin da ya rage shi ne a ga ko waɗanda suka ɗaga murya za su je wurin dillali da kuɗinsu, ko kuwa za a maimaita abin da ya faru da Camaro.