ZAUREN 'YAMMATA: Garwashi Ba Abokin Kwana Ba Ne

Na ga wasiƙunku sun taru a kan zancen lefe da na samarin zamani, to ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, domin kuwa yau akwai maganar da ta fi lefe gaggawa. Hunturu ya kawo kai, hazo ya fara rufe garin Sakkwato, leɓɓa sun fara tsagewa, masu gawayi kuma sun fara ɗaga kai a Kasuwar Kara.

Duk wadda ta tashi a garin nan ta san halinsa. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40, mutum ya rasa inda zai sa kansa, amma daga Disamba zuwa Janairu da asuba sai ya faɗo ƙasa da 20, ga iska mai ƙura tana kaɗowa daga Sahara. Jikin da ya saba da rana ba ya jure wannan ɗari, shi ya sa kowane gida sai ka ga an jawo kasko an zuba gawayi. A nan ne nake so mu tsaya, don ni wannan kaskon ya kusa kai ni lahira.

Shekarar da aka kai ni ɗaki a Mabera ne, ko wata uku ban yi ba. Maigidan ya tafi Illela harkar kasuwancinsa zai kwana biyu, sai aka turo mini ƙanwarsa Luba, 'yar shekara tara, ta taya ni kwana. Daren nan an yi wani irin ɗari har haƙora na haɗuwa. Na hura gawayi a tsakar gida, na jira sai da hayaƙin ya ƙare ya zama jajir, sannan na shigo da shi ɗaki. Na rufe taga, na saki labule, na kuma samu tsumma na toshe ƙasan ƙofa don kada iska ta shigo. A raina ina cewa ai ni na iya, tunda babu hayaƙi babu matsala. Ɗaki ya yi ɗumi, muka ja bargo.

Can cikin dare na farka kaina yana sarawa kamar ana buga guduma, zuciyata na tashi. Na yunƙura zan tashi, wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na kira Luba, shiru. Daga nan ban sake sanin inda nake ba. Allah ya sa tsohuwar da muke gida ɗaya da ita, Inna ta ɗakin gabas, ta lura an yi kiran assalatu ban fito alwala ba, alhali kullum ni ke riga ta. Ta buga ƙofa ba amsa, ta yi kururuwa aka zo aka ɓalle. A tabarma aka shimfiɗe mu a tsakar gida, wasu na cewa iskoki ne suka taɓa amarya, har an fara neman mai ruƙiyya. Inna ce ta leƙa ɗakin ta ga kaskon, ta ce a nemo mota a kai mu asibiti. Kwana biyu muka yi, Luba ta fi ni jin jiki saboda yarinya ce. Har gobe in na tuna da amanar 'yar mutane da na kusa salwantarwa sai jikina ya yi sanyi.

Likitan da ya duba mu shi ya fahimtar da ni abin da ban taɓa sani ba. Gawayi in yana ci, ko da ya zama garwashi ba hayaƙi, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, balle mutum ya farga. In ta shiga huhu sai ta kama sinadarin jinin da ke ɗaukar iskar oksijin, kuma kamun da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Jini na zagayawa amma bai kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abincinsu. Mai barci daga barcin sai ya zarce. Yara ƙanana, masu juna biyu da tsofaffi su ta fi saurin kayarwa.

Da na dawo gida na ce wa Inna ai su ma a da suna hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa su kwana. Sai ta yi dariya ta ce, "Ke ɗiyag ga, ɗakinmu na da ɗakin haki na, iska shina shiga shina hita ta ko'ina. Ku ko kun samu siminti da silin da gilashi, kun ruhe kanku kamar cikin tukunya." Maganar Inna gaskiya ce, duk da ko a ɗakin hakin ma ba a rasa gobara da ciwon ƙirji ba. Ɗakin amaryar yau ga kafet, ga katifar soso, ga labule har biyu. Iska ba ta samun hanya, wuta kuma in ta kama soso kafin a ɗebo ruwa ta gama.

To me za mu yi, mu zauna ɗari ya kashe mu? A'a. Shiri ake yi tun sanyin bai kankama ba, kuma shirin daga ɗaki da tufafi yake farawa kafin a zo kan wuta. Tun yanzu ki fito da barguna da rigunan sanyi ki wanke ki shanya su sha rana. Ki nema wa ƙannenki safa da hula, don yaro in kansa da ƙafarsa sun rufu ya fi samun barci. Gilashin tagar da ya fashe a gyara shi, a shimfiɗa tabarma ko darduma a kan siminti. Amma ƙaramar kafar iskar nan ta saman bango, wadda muke toshewa da tsumma, a bar ta a buɗe.

Sai ki juyo kan kaskon. Ki duba shi, in ya tsage ko ya ɓule a gindi a sake wani. Ki tanadi tire mai yashi da za ki ɗora shi a kai, nesa da labule da katifa da inda yaro ke rarrafe. A waje ake hura gawayi, ban da zuba masa fetur. In za ki shigo da shi don ɗaki ya ɗan yi ɗumi, to idonki biyu, taga a buɗe, na ɗan lokaci. Kafin kowa ya kwanta a fitar da shi waje a kashe da ruwa ko a binne da yashi. Wannan dokar ta hau kan kaskon turaren wuta, amare ku ji da kyau. Abin da nake yi yanzu shi ne in zuba ruwa mai ɗumi sosai a gora mai murfin kirki, in naɗe da zane in sa cikin bargo. Kafin a kwanta shimfiɗa ta yi ɗumi.

Masu na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki da hitar dafa ruwa, a kira mai gyaran wuta ya duba waya da soket tun kafin a fara amfani da su. In an ɗauke wuta a zare komai daga soket, don sau da yawa sai an yi barci ake dawo da ita. Kada a kunna risho ko gas don jin ɗumi. Janareta kuwa hayaƙinsa na ɗauke da gubar nan ta gawayi, wurinsa waje, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarayi.

'Yan makarantar kwana, da ku nake musamman. Na san ana ɓoye hita da kyandir a ƙasan akwati. Ku tuna iskar hunturu busasshiya ce, wuta ba ta jira. A watan Nuwamba na 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan ɗalibai na makarantar 'yammata ta Jogana a jihar Kano, ɗalibai 7 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mu ma a nan ba mu manta da gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta watan Janairu na 2021 ba. Ruwan sanyi na wanka ya fi kukan iyaye sauƙi.

In kuwa kika ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya alhali akwai garwashi a ɗaki, balle in ba ke kaɗai kike jin haka ba, kada ki ce bari in kwanta ya wuce. Ki buɗe ƙofa, ku fita duka. Wanda ya suma a fito da shi iska, kada a ɗura masa madara ko manja, sai a garzaya asibiti inda za a sa masa oksijin. Addu'a a yi ta a kan hanya.

Yau da dare kafin ki ja bargo, ki leƙa ɗakin Inna da na kaka da na amaryar gidanku. In kin ga kasko, ki ɗauko shi da ladabi ki fitar, ko za a yi miki faɗa. Luba yanzu tana da 'ya'ya huɗu, kuma duk hunturu sai ta kira ni ta ce, "Anti, an dai hitar da garwashi ko?"

Allah ya raba mu da mugun ji da mugun gani, ya sa mu ga bayan sanyin nan lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan zancen lefe.

Taku har kullum,
Antinku ta Mabera, Sakkwato.