Jirgin wasan da ya san inda yake ya fi tirelar gwangwani amfani

Yaran cikin ganuwar Zariya ba su taɓa rasa basirar ƙira ba. Tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan ba a rasa wanda zai lanƙwasa gwangwanin madara ya fitar da tirela, a ɗauke shi bidiyo a sa a TikTok, a sha yabo, bayan mako guda a manta. Ƙoƙarin duk a gangar jiki yake ƙarewa, ba ya kaiwa ga ƙwaƙwalwa.

Alhali Zariya garin jirgin ƙasa ce. Dogon da ya ratsa ta ya isa Kano a 1911, a nan cibiyar fasahar sufuri ta NITT take tun 1986, kuma sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021 ta nan zai bi. Layin zai buƙaci masu kula da sigina, kuma ana iya fara koyon aikin a zaure da jirgin wasa mai batir.

Sa jirgi ya yi tafiya ba wuya. Wuyar ita ce kwamfuta ta san inda yake. Ana raba layin gida-gida, a manna maganaɗisu a ƙarƙashin jirgin, a binne ɗan makunnin da maganaɗisu ke rufewa a bakin kowane gida. Da jirgi ya wuce, allon ESP32 zai rubuta cewa ya shiga gida na uku, ya tura wa waya ta Wi-Fi. A ƙara jirgi na biyu da nasa ɗan allon a tarago, sai a kafa doka ɗaya: muddin akwai jirgi a gidan gaba, na baya ya tsaya.

A nan darasin yake. Wata rana maganaɗisun zai wuce makunnin bai ji ba, waya ta nuna gida babu kowa alhali jirgi na ciki. Masu dogon gaske sun daɗe da sanin wannan haɗari. Tsarin da William Robinson ya fito da shi a Amurka a 1872 yana tura wuta ta cikin ƙarafan dogo, ƙafafun jirgi su haɗe su, sigina ta koma ja. Idan wayar wutar ta tsinke ko batir ya mutu, nan ma ja za ta nuna. Wato ko lalacewa ya yi, jirgi tsayawa zai yi. Yaron da ya koya wa jirginsa tsayawa idan saƙon da ake jira bai zo a kan lokaci ba, ya kama abin da kallon YouTube kaɗai ba ya bayarwa.

Za a ce ai wasan yara ne, ga tsada ga rashin wuta. Kayan jirgin wasa na Turai kam sai mai hali, amma ba su ake nufi ba, kuma ESP32 na aiki da fawa bank ɗin da ake cajin waya da shi. Batun wasa kuwa, ƙungiyar jirgin wasa da ɗaliban jami'ar MIT suka kafa a 1946 da tsofaffin kayan tarho ta sarrafa layinta, kuma daga cikinta aka samu wasu daga cikin gwanayen kwamfuta na farko. Ɗaliban ABU da na Kwalejin Nuhu Bamalli da ke neman aikin kammala karatu na da ƙanne a cikin birni da suka riga suka iya ƙera taragon.