Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Gidajen Burodi Da Ke Shirin Buɗe Rassa



Kafin ku kama shago na biyu, don Allah ku dubi tarihin kamfanin donat na Krispy Kreme. A 1937 wanda ya kafa shi, Vernon Rudolph, ya fara soya donat a garin Winston-Salem na Amurka, yana kai wa shaguna. Ƙamshi ya riƙa tsayar da masu wucewa, sai ya huda bango yana miƙo musu da zafinsa. A ganina, zafin nan shi ne jarinsa na gaskiya.

Da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a 2000, sai ya yi ta buɗe rassa, yana kuma zuba donat mai sanyi a gidajen mai da manyan kantuna. Zuwa 2005 lissafinsa ya rikice, aka sauke shugabansa, rassa da dama suka rufe.

Naku,
Mai sayen burodinku.