Kada Kwarashi Ya Faɗi Daga Hannunmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mu ɗaliban aji na ƙarshe muna da roƙo ɗaya ga malamanmu da iyayenmu a littafin bana: a ware mana yammacin Alhamis mu koyi saƙa, mata da maza, kuma a gayyato kakanninmu su ne za su koyar da mu. Ga dalilanmu.

Na farko, saƙa gadonmu ce. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yiwo gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin Nilu, garin ya ɗauki sunansa. Ba dukiya suka taho da ita ba, sai karatu da sana'ar hannu: kaɗi, saƙa, rini, ɗinki. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga a Jazira, mutanenmu na cikin masu tsinkarta a hawasha. To, ashe ba abin kunya ba ne jikan mai tsinkar auduga ya rasa yadda ake mayar da zare tagiya, sai ya jira ta kanti?

Na biyu, saƙa tana taimakon karatu. Duk wanda ya ga ana saƙa tagiya ya san haka. Daga tsakiyar kai ake farawa, ana zagayawa ana ƙara ido da ƙidaya, har ta kai faɗin da ake so, sannan a daina ƙari a gangaro da gefe. In ka ƙara da yawa ta yi tattara, in ka rage ta ƙi shiga kai. Babu dabara sai a warware a koma inda aka ɓata. Yo ai haka hadda take! Wanda ya saba warware layi uku ba tare da ya yi fushi ba, ba zai ji nauyin maimaita shafi ba.

Mun san wasu 'yan'uwanmu maza za su ce, "Kai, wannan ai aikin mata ne." Su tambayi dattawa. A Kano da Zariya maza ne ke zama a masaƙa, kuma malamai da almajirai ne suka shahara da aikin babbar riga da ɗinkin hula, da shi suke ciyar da kansu suna karatu. Annabi Dawuda ma, alaihis salam, da aikin hannunsa yake ci, kuma sulke yake yi, zobe cikin zobe. Wa zai ce ya fi shi mazantaka?

Na uku shi ne wanda ya fi mana nauyi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya iso Wad Madani a Disamba na wannan shekarar, daga baya ya taɓa yankin Sinnar. Mutane sun bar gona da dabbobi da keken ɗinki, don ba a gudu da su. Amma kwarashi da ƙullin zare a bakin zane ake ɗaure su. Wadda ta iya saƙa, duk inda ta sauka za ta yi tagiya, ko safar jarirai, ko rigar sanyi, ta sami kuɗin sabulu da garin asida ba tare da ta miƙa hannu ba. Abin da ke cikin yatsu ba mai ƙwace shi.

Sannan saƙa ba ta korar mai ita. Yarinya 'yar shekara bakwai za ta iya riƙe kwarashi, haka ma tsohuwar da ƙafa ta hana ta zuwa gona. Idan suka zauna tabarma ɗaya, ana zuba gahawa daga jabana, a nan ake jin tatsuniya da tarihin dangi da tsohuwar Hausar da ta fara kuɓuce mana, tunda yawancin hirarmu yanzu da Larabci muke yi. Kakanninmu kuwa suna raguwa. Kowace ta tafi, da irin zanenta take tafiya.

Ba mu ce a rage karatu ko da harafi ɗaya ba. Sa'a biyu muke nema a mako. Zare kuma mu za mu yi karo-karo mu saya, abin da muka fara saƙawa a ba marayun makaranta kafin sanyi ya shigo.

Malam, Baba, Inna, roƙonmu ke nan. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, masu koyar da mu suna nan da ransu yau. Allah Ya ƙara musu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a karatunmu da sana'armu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.