Waiwaye: Yadda kuɗi ya riga lasisi isa gidajen tsofaffi a Amurka

Kafin 1935, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare a Amurka, ba dukiya ba mai riƙe shi, makomarsa gidan gajiyayyu ne na ƙaramar hukuma, inda ake cusa shi wuri ɗaya da masu taɓin hankali da mashaya. Jama'a sun tsani gidajen nan ƙwarai, shi ya sa dokar tallafin tsufa da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a 1935 ta ce duk mazaunin gidan hukuma ba za a ba shi ko sisi ba. An so a kashe gidajen ne, sannu a hankali kuwa suka mutu. Sai dai tsofaffin sun fito da 'yan kuɗin wata a hannu ba su da wurin kwana, nan da nan masu gidaje suka jera gadaje a ɗakunansu suna karɓar su haya. Asalin sana'ar ke nan. Sai a 1950 gwamnatin tarayya ta ce jihar da ke son kuɗinta dole ta kafa tsarin lasisi, kowace jiha kuwa ta tsara nata yadda ta ga dama.

A 1965 Shugaba Johnson ya kawo tsare-tsaren gwamnati biyu na biyan kuɗin jinya, Medicare da Medicaid. Na farko yana biya ne na ɗan lokaci, bai wuce kwana 100 bayan mutum ya fito daga asibiti. Na biyun shi ne mai ɗaukar dogon zama, amma sai tsoho ya cinye abin da ya tara har ya rage kamar dala 2,000 a yawancin jihohi. Yau kusan shida cikin goma na mazauna gidajen nan Medicaid ke biya musu.

Inda aka yi sake, a ganina, shi ne 1967, lokacin da Medicare ta fara biya. Gidaje kusan 6,000 suka nemi shiga, 740 kaɗai suka cika sharuɗɗa. Jami'ai suka duba suka ga in aka tsaya a kan ƙa'ida, tsofaffi da yawa ba su da inda za a kai su, sai suka shigar da wasu sama da 3,000 da sunan sun kusa cikawa. Na fahimci tsoronsu, tsoro ne na mai tausayi. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da mai gida ke roƙon a sa shi cikin masu karɓar kuɗi, ranar ce gwamnati ke da ƙarfin gindaya masa sharaɗi. Da zarar gadajensa sun cika, ya san ba mai iya rufe shi cikin sauƙi, domin wanda ya rufe shi ne zai nemo wa tsofaffin makwanci.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. A Janairun 1970 gobara ta kashe sama da mutum 30 a wani gida a Marietta ta jihar Ohio. Sanata Frank Moss na Utah ya shafe shekaru yana sauraron shaidu kan yunwa da ƙazanta da zambar kuɗi. Masu duba gidajen kuwa takardu suke bi, suna auna faɗin ƙofa, alhali tsohuwa na gefe ɗaure da ƙyalle a kan keken guragu tun safe, an ɗirka mata maganin barci don kada ta dami kowa. A ƙarshen shekarun 1980 kusan kashi 40 cikin 100 na mazauna ana ɗaure su haka.

Dokar gyara ta 1987 ta yi aiki, dole a faɗa. Ta hana ɗauri da maganin barci don sauƙin ma'aikata, ta wajabta wa mataimakan jinya horon awa 75, ta sa a riƙa kai ziyarar ba-zata aƙalla sau ɗaya cikin wata 15. Ɗauri ya ragu har ya kusa ɓacewa. Amma da aka zo kan yawan ma'aikata, sai ta ce a samar da isassu, ba ta faɗi adadi ba. Mara lafiyar da ba ya iya juya kansa yana bukatar a juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba bayansa ya yi gyambo. Mai aikin dare guda da dogon jerin ɗakuna a gabanta ba za ta iya ba, komai kyawun zuciyarta.

Annobar korona ta kashe mazauna da ma'aikata sama da 200,000 a irin waɗannan gidaje. A 2024 gwamnatin Biden ta faɗi adadin da aka daɗe ana kauce wa, kusan awa uku da rabi na kulawa ga kowane mazauni a rana. Masu gidaje suka garzaya kotu, suna cewa babu ma'aikatan da za su ɗauka, kuɗin Medicaid ma ba ya isa, gidaje za su rufe. Akwai gaskiya a kukansu, musamman a karkara, amma da sai a ƙara kuɗin a bar sharaɗin yadda yake. A 2025 wata kotun tarayya a Texas ta soke shi.