Wanda ke son barin giya, ina za shi?

Yau maganarmu a kan giya take, ko da yake mun san magana ce da ba a son yi a bainar jama'a.

A wani zagaye da muka yi na duba azuzuwan yaƙi da jahilci a karkarar Maraɗi, mun lura da wani magidanci wanda alli ya ƙi zama a hannunsa, sai rawa yake yi. Da aka tashi, ya bi mu har gindin babur, ya rage murya ya ce: "Malam, ni fa na gaji. Wanda ke son ya bari, ina za shi?" Rabin waken da ya noma ya riga ya tafi gidan burkutu, ga shi ko sanyi bai wuce ba. Ya sha wa'azi, ya sha faɗan iyaye. Abin da bai taɓa samu ba shi ne zama da wanda ya faɗa wannan rami ya fita.

Kowa ya san hukuncin giya a addini, mashayin ma ya sani. Manya ba su manta ba, a watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar ƙin bikin FIMA, an farfasa gidajen giya a cikin Maraɗi. Gine-gine sun faɗi, amma ƙishirwar da ke jikin mashayi tana nan. Dalili kuwa, wanda ya daɗe yana sha kullum, jikinsa ya saba, ƙwaƙwalwarsa ta saba. Idan ya bari farat ɗaya, kafin kwana ɗaya sai hannu ya kama rawa, gumi ya karyo, barci ya ƙaurace. Wani yakan faɗi kamar mai farfaɗiya. Wani kuma bayan kwana 2 ko 3 sai ya ruɗe, ya riƙa ganin abin da babu, a ce iskoki ne suka taɓa shi. Wannan hali yana iya kisa, kuma likita na da maganinsa. Saboda haka mai yawan sha kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki. Ya fara zuwa gidan likita mafi kusa, a Tibiri ko Jiratawa, ko babban asibitin Maraɗi, ya faɗi gaskiyar abin da yake sha. A duba masa hanta kuma, domin giya ba ta raga mata.

To, amma aikin likita na ƴan kwanaki ne. Sauran shekaru fa? A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka gano cewa idan sun zauna suna gaya wa juna halin da suke ciki, sha'awar sha tana raguwa. Daga nan ƙungiyar da ake kira AA ta samo asali, ta bazu cikin ƙasashe da yawa. Ka'idojinta ba su da wuya: ba a tambayar cikakken suna, ba a yanka wa kowa kuɗin shiga, abin da aka faɗa a zama ba ya fita waje, kuma alkawarin da mutum ke ɗauka na yau ne kawai.

A ganinmu, bai kamata mu zauna jiran a kawo mana wannan daga waje ba, domin irinsa yana gidanmu. A nan jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE. Mata na haɗuwa kowane mako, kowa ta san idan ba ta zo ba za a neme ta. Wannan neman shi ne mashayi ya rasa. Samari na da fadarsu ta shayi, manoma na da gayya. Mai fama da giya ne kaɗai muka bari ya yi nomansa shi ɗaya, don kunya.

Kada mai nema ya sa ran ganin allo a bakin hanya, irin wannan zama ba a yi masa shela. Ya keɓe da ma'aikacin lafiya ya tambaye shi ko ya san wani da ya bari, ya roƙi a haɗa su idan wancan ya yarda. Ya tambayi limami ko fasto wanda aka sani da riƙe sirri. Mutum biyu sun isa a fara. Wanda ke jin nauyin idon ƴan garinsu, ya tuna Litinin da Juma'a kasuwar Maraɗi ke ci: mutumin Tibiri da mai lambun zogale na Jiratawa na iya haɗuwa can, ba mai tambayar abin da ya kawo su. Sai dai a kiyaye, majalisar tsoffin abokan sha ba ita ba ce, ko da sun rantse shayi kawai za a dafa. Kuma idan ɗaya ya koma sha, kada a kore shi, a je a same shi kashegari.

Mu dai abin da ke hannunmu shi ne ɗakin karatu. Muna roƙon malaman azuzuwanmu, idan irin waɗannan mutane suka nemi wuri, a ba su mabuɗi dare ɗaya a mako, malami ya tafi gida, kuma kada a rubuta sunan kowa cikin littafin kiran suna.